Winget da ikon admin: abin da yake ɗauke maka da abin da yake bar maka

Aikina kula da kwamfutoci ne a wurare uku: ofishin wani shagon sari, wata ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta, da ofishin wata makaranta mai zaman kanta. Duka-duka ba su kai talatin ba, kuma yawancinsu na hannu ne waɗanda suka sha aiki kafin su iso gare mu. Shekaru da dama ina aiki yadda kowane mai gyara yake yi, filas ɗaya a aljihu cike da fayilolin girka manhaja, wasu sun shekara biyu a ciki ba a canza su ba, in zauna gaban kowace kwamfuta ina danna maɓalli bayan maɓalli har a gama. Fiye da shekara guda ke nan da na mayar da mafi yawan wannan aiki hannun winget, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, musamman a kan batun da ya fi wahalar da masu irin sana'ata, wato ikon admin (cikakken ikon yin canji a kwamfuta) da yadda yake rikicewa bayan an sabunta manhaja.

Winget na kamfanin Microsoft ne, cikakken sunansa Windows Package Manager. An fara nuna shi ga jama'a a watan Mayun 2020, sannan fitowa ta 1.0 ta zo a watan Mayun 2021. Kyauta ne, ba a biyan ko kwabo, kuma rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu, ga duk mai son dubawa. A Windows 11 da Windows 10 na baya-bayan nan yana zuwa ne a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna App Installer, don haka mutane da yawa suna da shi a kwamfutarsu ba su sani ba. Ba shi da taga mai hotuna da maɓallai. Baƙin allon nan na rubuta umarni za ka buɗe, ka rubuta winget install tare da sunan abin da kake so, shi kuma ya je ya sauke, ya girka, ya faɗa maka ya gama.

Yadda yake samo manhaja shi ne abu na farko da ya kwantar mini da hankali. Akwai rumbu a GitHub mai suna winget-pkgs, inda kowace manhaja take da 'yar takardar bayani da ke ɗauke da sunanta, da lambar fitowarta, da adireshin da za a sauke ta daga shafin masu ita, da kuma wani dogon lamba da ake kira SHA256, wanda tamkar zanen yatsan fayil ɗin ne. Idan winget ya sauke fayil, sai ya lissafa nasa lambar ya gwada da wadda aka rubuta, in sun saɓa ko da harafi ɗaya ne ya tsaya. Duk wanda ya taɓa neman wata manhaja a intanet ya faɗa shafin da maɓallin saukewa ya kai biyar, huɗu na talla ne, ɗayan kuma ya zo da baƙon da ba a gayyata ba, ya san darajar wannan. Akwai kuma wani abu da ya dace a yaba: idan lambar ta saɓa alhali kana aiki da ikon admin, winget ba ya barin ka tsallake gargaɗin. Wani lokaci hakan yana nufin jira, domin yakan faru masu manhaja su canza fayil a adireshi ɗaya kafin a gyara takardar bayanin, amma na gwammace jiran kwana ɗaya da in ba fayil ɗin da ba a tantance ba iko a kan kwamfutar da ake ajiye lissafin kuɗi.

A aikin yau da kullum umarni uku na fi amfani da su. Na farko winget upgrade, wanda yake jero duk manhajar da take da sabuwar fitowa, sai ka ƙara masa --all ya sabunta su a jere. Na biyu winget export da takwaransa winget import, waɗanda suke rubuta jerin abin da ke kan kwamfuta a fayil guda, ka ɗauka ka kai wata kwamfutar ta girka irinsu, kuma a cibiyar koyarwa inda ake son kowace kwamfuta ta zama kamar 'yar'uwarta wannan ya rage mini aikin yini zuwa na awa biyu. Na uku winget download, wanda yake sauke fayil ɗin girkawa ya ajiye ba tare da ya girka ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga duk wanda yake sayen data da kuɗinsa, domin babu dalilin da kwamfuta goma sha biyu za su sauke abu ɗaya sau goma sha biyu. Filas ɗina bai yi ritaya ba, abin da ya canza shi ne yanzu na san abin da ke cikinsa sabo ne kuma daga hannun masu shi ya fito.

To, sai batun admin, kuma a nan ne nake so mai karatu ya natsu. Tun daga Windows Vista, wanda ya shigo kasuwa a farkon 2007, Windows yana da tsarin da ake kira UAC, wato akwatin nan da yake dusashe allo ya tambaye ka ko ka yarda wannan manhaja ta yi canji a kwamfutarka. Ma'anar tsarin ita ce ko da asusunka na admin ne, manhajojin da kake buɗewa suna aiki da ikon mutum na gama-gari har sai an ɗaga su. Wanda asusunsa na admin ne amincewa kawai zai danna, wanda kuma asusunsa na gama-gari ne sai an rubuta kalmar sirrin wani admin. Foldar Program Files, da foldar Windows, da ɓangaren rajista (kundin da Windows yake ajiye saitunansa) da ya shafi kwamfutar gaba ɗaya, duk a kulle suke ga wanda ba a ɗaga ba. Windows 7 ya zo a 2009 da ma'auni mai mataki huɗu don rage yawan tambayar, kuma tun daga lokacin masu gyara da yawa suka ɗauki al'adar jan ma'aunin zuwa ƙasa don kada mai kwamfuta ya riƙa kiransu. Ban yarda da wannan al'ada ba, kuma ban taɓa ganin ta haifar da ɗa mai ido ba.

Abin da ya kamata a gane game da winget shi ne ba shi ne yake girka manhajar da kansa ba a mafi yawan lokuta. Ɗan aike ne. Yana ɗauko fayil ɗin girkawa na masu manhajar, ko MSI ne, ko wanda aka haɗa da Inno Setup, ko NSIS, ko MSIX, ya kunna shi a yanayin shiru don kada ya yi ta tambaya. Duk halin da wannan fayil yake da shi game da ikon admin, da shi zai zo. Idan ka buɗe allon umarni a matsayin mutum na gama-gari ka ce a sabunta komai, kowace manhajar da ke buƙatar ɗagawa za ta fito da nata akwatin UAC, kuma idan goma ne sau goma za ka amsa. Wani lokacin akwatin ba ya tasowa gaba, yana laɓewa a layin ƙasan allo yana walƙiya, kai kana can kana wani aiki kana zaton sabuntawa tana tafiya, alhali ta tsaya tana jiranka. Idan kuma ka buɗe allon da ikon admin tun farko, babu tambaya ko ɗaya, komai ya wuce sumul, amma ka sani kowane fayil ɗin girkawa da ya biyo ta wannan allo ya gaji cikakken iko ba tare da an sake neman yardarka ba.

Hanya ta biyu ta fi daɗi, kuma ita kowa yake karkata gare ta, sai dai tana da rami wanda ba a gani sai an faɗa. A wuraren da nake aiki, ma'aikata da ɗalibai duk asusun gama-gari suke amfani da shi, asusun admin kuwa ba a hannunsu yake ba. Idan na zauna a kwamfutar sakatare na buɗe allon umarni da kalmar sirrina, duk abin da ya gudana a wannan allo da sunana yake gudana, ba da sunansa ba. Manhajar da ake girka wa kwamfuta gaba ɗaya ba ta da matsala, Program Files za ta shiga kowa ya gan ta. Amma manhajoji da yawa a yau na mutum ɗaya ne, suna zama a foldar AppData ta mai asusun, kuma irin waɗannan a foldata za su sauka, sakatare ya duba bai ga komai ba. Haka nan idan na ce a sabunta, winget zai duba manhajojin asusuna da na kwamfuta gaba ɗaya, ya bar na sakatare yadda suke, ya kuma faɗa mini gaskiyarsa cewa babu sauran abin sabuntawa. Winget yana da zaɓin --scope user da --scope machine don ka faɗi irin girkawar da kake so, kuma yana aiki matuƙar masu manhajar sun tanadi nau'in biyu. Visual Studio Code misali ne mai kyau, domin yana da fayil ɗin girkawa na mutum ɗaya da na kwamfuta gaba ɗaya, kuma idan ka buɗe na mutum ɗaya da ikon admin zai sanar da kai cewa ya dakatar da sabunta kansa. Wasu kuma, irin su Spotify, fayil ɗin girkawarsu ƙin aiki yake yi gaba ɗaya idan an kira shi da ikon admin. Saboda haka babu zagaye ɗaya da zai share komai, dole a yi biyu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Akwai manhajoji, galibi tsofaffi ko waɗanda suke magana da wata na'ura kamar sikana ko abin ɗaukar zanen yatsa, da ba sa aiki daidai sai da ikon admin. Abin da kowa yake yi shi ne ya shiga Properties, ya je Compatibility, ya sa alama a layin da ke cewa a riƙa buɗe wannan manhaja a matsayin admin. Mutane suna ɗauka wannan alama a jikin manhajar take. Ba a jikinta take ba. Windows yana rubuta ta a rajista, a wani wuri mai suna AppCompatFlags\Layers, kuma abin da yake rubutawa shi ne cikakken adireshin fayil ɗin, tun daga harafin C har zuwa .exe, tare da kalmar RUNASADMIN a gefensa. Muddin adireshin bai canza ba alamar tana nan, ko da an sabunta fayil ɗin sau ɗari. Ranar da sabuntawa ta canza sunan fayil, ko ta ƙaura da manhajar daga Program Files (x86) zuwa Program Files saboda an koma 64-bit, ko ta buɗe sabuwar folda, ranar alamar ta zama tana nuna gidan da mai shi ya tashi. Akwai manhajojin da tsarinsu ke nan a kowace sabuntawa: Discord da GitHub Desktop, alal misali, suna ajiye kowace fitowa a folda mai suna app- da lambar fitowar a gaba, don haka duk alamar da aka sa wa fayil ɗin da ke cikin tsohuwar folda ba za ta bi shi sabuwa ba. Hanya ta biyu ta sa alamar, wadda ake bi ta Advanced a jikin gunkin da ke kan fuskar kwamfuta, wato ɗan hoton da ake dannawa a buɗe manhajar, ita kuma a cikin gunkin take zaune, kuma fayilolin girkawa da yawa suna goge gunkin su ƙirƙiri sabo duk lokacin da suka yi aiki.

Winget ba ya lura da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ya duba rajista ya ga cewa ka sa wa manhaja alamar admin, ba ya gargaɗinka cewa adireshi zai canza, ba ya mayar da alamar bayan ya gama. Ba na ɗaukar wannan a matsayin aibu gare shi, domin ba a gina shi don haka ba, amma dole ne mai amfani da shi ya sani, saboda abin da a da yake faruwa da manhaja ɗaya a ranar da ka zauna ka sabunta ta da hannunka, yanzu yana iya faruwa da manhaja biyar a dare ɗaya da umarni guda.

Na ga iyakar ɓarnar da wannan ke iya yi a shagon sarin da na ambata, kuma ba ta hanyar winget abin ya zo ba. Suna da wata tsohuwar manhajar rubuta ciniki da rasit, wadda take ajiye kundin bayananta a cikin foldarta a Program Files (x86), kuma tun ranar da aka girka ta aka sa mata alamar admin. Wakilin masu manhajar ya zo wata Litinin da sabuwar fitowa a filas, ya girka, ya gwada, ya tafi. Sabon fayil ɗin sunansa ya ɗan bambanta da tsohon, an ƙara masa lamba a ƙarshe, don haka ya tashi ba tare da ikon admin ba, kuma bai yi ƙorafin komai ba. Ranar Alhamis da hantsi mai shagon ya kira ni, muryarsa a sama: "Malam, ka zo yanzu, cinikin kwana uku ya ɓace daga kwamfuta." Na iske yaron da ke rubuta rasit a tsaye gefen tebur da kwafin rasitai a hannu, yana rantsuwa cewa da hannunsa ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi me ya yi daban a safiyar nan. Ya ce firintar rasit ce ta ƙi fitarwa, shi ne ya danna dama a kan gunkin ya buɗe a matsayin admin kamar yadda ya taɓa ganin ina yi, Alhaji mai shagon ya rubuta masa kalmar sirri, da manhajar ta buɗe sai ga ta a ranar Litinin.

Gaskiya yaron yake faɗa. Windows yana da wata dabara da aka yi don tsofaffin manhajoji na 32-bit waɗanda ba su bayyana irin ikon da suke buƙata ba: idan irin wannan manhaja ta yi ƙoƙarin rubutu a Program Files ba ta da iko, maimakon a hana ta, sai a karkatar da rubutun a ɓoye zuwa wata folda mai suna VirtualStore a cikin AppData\Local na mai asusun. Manhajar tana zaton a gidanta take rubutu. Kwana uku ana shigar da ciniki a wannan kwafi na ɓoye, da aka buɗe ta da ikon admin kuma, wanda ba a karkatar masa da komai, sai ta koma kan kundi na asali wanda ya tsaya a ranar da wakilin ya zo. Na buɗe VirtualStore a gaban Alhaji, ga kundin nan da kwanan watan Laraba da yamma. Na ce masa, "Alhaji, ba abin da ya ɓace, kuma yaron nan ba shi da laifi." Allah ya taimaka ba a shigar da sabon ciniki a tsohon kundin ba a safiyar, don haka na ajiye kwafin kowanne a gefe, na ɗora na Laraba a kan na Litinin, na kuma kawar da wanda ke VirtualStore, domin in an bar shi a can Windows shi zai ci gaba da miƙa wa manhajar duk lokacin da ta tashi ba da ikon admin ba.

Abin da na yi bayan haka shi ne abin da nake ba kowa shawara. Ban mayar da alamar admin ba. Na kunna Process Monitor, ɗaya daga kayan aikin Sysinternals da Microsoft yake bayarwa kyauta, na tace shi ya nuna mini wuraren da aka hana manhajar shiga, sai na ga folda ɗaya ce tal, ta kundin bayanai. Na ba masu asusun gama-gari izinin rubutu a wannan folda kaɗai, abin da ake iya yi ta shafin Security ko da umarnin icacls. Matsalar firinta kuwa daban ce, direbanta, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, shi ne yake buƙatar a sake girka shi. Tun daga ranar manhajar take tashi da ikon gama-gari, an sake sabunta ta, babu abin da ya motsa, domin izinin a kan folda yake ba a kan sunan fayil ba. Manhajoji da yawa da ake cewa sai da admin, in ka bincika, folda ɗaya ko layi ɗaya na rajista suke nema, kuma ba su ikon kwamfutar gaba ɗaya saboda wannan daidai yake da miƙa wa mai kawo ruwa makullin gida duka don ya zuba a randa.

Ga waɗanda ba su da wannan mafita, waɗanda da gaske sai da ikon admin, winget yana da abin da ya taimaka mini ƙwarai, wato winget pin, umarnin turke manhaja a inda take, wanda aka ƙara a 2023. Idan ka rubuta winget pin add da sunan manhajar, umarnin sabunta komai zai riƙa tsallake ta, in ka ƙara --blocking kuma ba za ta sabuntu ta hannun winget ba sam sai ka cire turken. A kowace kwamfuta na turke irin waɗannan manhajoji, in sabunta su da hannu ranar da nake da lokacin buɗe su in gwada, in duba ko alamar tana nan. Sai dai a tuna turken winget kaɗai yake ɗaurewa. Manhajar da take da nata tsarin sabunta kai za ta ci gaba da yi ba ta tambayi kowa ba.

Akwai kuma akasin wannan matsala, wadda ba a cika magana a kanta ba: manhajar da ta samu ikon admin bayan sabuntawa alhali ba a so. Fayilolin girkawa da yawa suna buɗe manhajar da zarar sun gama, kuma idan fayil ɗin yana aiki da ikon admin, masu shi kuma ba su yi tanadin sauke ikon ba, manhajar za ta tashi da wannan iko. Inno Setup yana da tanadin da ake kira runasoriginaluser don magance haka, amma ba kowane mai haɗa manhaja ne yake kula ba. Alamun suna da sauƙin ganewa ga wanda ya sani: ka ja fayil daga folda ka jefa cikin manhajar ta ƙi karɓa, domin Windows ba ya barin taga mai ƙaramin iko ta aika wa mai babban iko saƙo, ko kuma foldar ofis da aka haɗa ta netwok da harafi irin Z ta ɓace daga cikin manhajar alhali tana nan a Explorer, tagar da ake duba foldoji. Maganin kawai a rufe manhajar a sake buɗe ta daga gunkinta, kuma na mayar da shi al'ada in rufe duk abin da ya buɗe kansa bayan sabuntawa kafin in tashi daga kujerar.

Idan aka gwada da takwarorinsa, winget yana tsakiya. Ninite, wanda yake nan tun 2009, ya fi shi sauƙi ga wanda ba ya son rubuta umarni: ka zaɓi manhajoji a shafinsu, ka sauke ɗan fayil guda, ka amsa UAC sau ɗaya, kuma duk ranar da ka sake kunna fayil ɗin zai sabunta su, sai dai jerin manhajojinsa gajere ne ƙwarai idan aka kwatanta da dubban da ke rumbun winget. Chocolatey ya girme shi da kusan shekara tara kuma a allon admin aka tsara ya yi aiki. Scoop ya bi ta ɗaya gefen, yana zuba komai a foldar mai asusun ba ya neman admin, abin da ya dace da masu rubuta manhaja fiye da ofis. Wanda yake son winget amma baƙin allo yana firgita shi, akwai UniGetUI, wanda a da ake kira WingetUI, yana ba shi taga da maɓallai. Ya kamata kuma a ambaci cewa wasu kamfanoni sun warware batun daga tushe: Firefox tun fitowa ta 12 a 2012 yake zuwa da Mozilla Maintenance Service, wani ɗan aiki da ke zaune a bayan fage da ikon girkawa, don haka yana sabunta kansa ko a asusun gama-gari ba tare da akwatin UAC ba, Chrome ma yana da irin nasa. Irin waɗannan ba na damuwa ko winget ya taɓa su ko bai taɓa ba.

Sauran gazawarsa ƙanana ne amma a san da su. Ba ya aiki a Windows 7 ko 8.1, yana buƙatar aƙalla Windows 10 fitowa ta 1809, kuma shi kansa Windows 10 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na gama-gari ranar 14 ga Oktoban 2025. Manhajar da bai iya gane lambar fitowarta ba yana tsallake ta sai ka ƙara --include-unknown. Idan girkawa ta gaza, sau da yawa lamba kawai zai miƙo maka daga fayil ɗin girkawar, irin 1603 wadda take nufin an gaza ba tare da bayani ba, ko 1618 wadda take nufin akwai wata girkawa da ba ta ƙare ba. A wurin da wuta take ɗaukewa ba sallama kuwa, kada a ce masa ya sabunta komai a kwamfutar tebur da ba ta da batirin tsaro, domin manhajar da aka yanke a tsakiyar girkawa ba ta tsohuwa ba ta sabuwa.

Hukuncina shi ne ya cancanci a yi amfani da shi, kuma ga mai kula da kwamfuta fiye da biyar ban san wani abin kyauta da ya kai shi ba. Yadda nake yi a ƙarshen kowane wata shi ne in fara shiga asusun ma'aikacin, in buɗe allon umarni ba tare da ɗagawa ba, in rubuta winget upgrade in karanta jerin kafin in taɓa komai, in sabunta manhajojin da suke nasa na kansa. Daga nan in buɗe allo na biyu da kalmar sirrina don waɗanda suke na kwamfuta gaba ɗaya. Waɗanda na turke suna rubuce a wata 'yar takarda da na liƙa a cikin murfin durowar kowane tebur, da cikakken adireshin fayil ɗinsu kamar yadda yake a ranar da na sa musu alama, kuma kafin in bar ofis nakan sa mai kwamfutar ya buɗe kowacce da hannunsa, a asusunsa, ina tsaye ina kallo. A shagon Alhaji sunan manhajar rasit ya fita daga wannan takarda tun watan da muka gyara izinin foldarta.